Labarin saiwa a tambayi ganye

A hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Neukölln ta birnin Berlin, akwai wani dattijo da ya shafe shekara talatin yana tuƙa motar safa kafin ya yi ritaya. Matarsa ta rasu ta bar masa baranda cike da tukwanen furanni, shi kuwa ya ɗauki alkawari a ransa cewa zai kula da su. Bai yi sakaci ba ko na rana ɗaya. Kullum da safe yakan cika buta a famfon ɗakin girki ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, cikin shekara biyu furannin suka yi ta dushewa har mafi yawansu suka mutu, ya kuma yanke wa kansa hukuncin cewa hannunsa ne ba ya karɓar shuka.

A ranar 1 ga Afrilun 2024 wata sabuwar doka ta fara aiki a Jamus. Majalisar dokokin tarayya ce ta amince da ita a watan Fabrairun shekarar, ta kuma halatta wa duk wanda ya kai shekara 18 ya shuka tushe uku na tabar wiwi a gidan da yake zaune, don amfanin kansa kawai. Ba a yarda ya sayar ko ya ba wani ba, wajibi ne ya killace shukar daga yara, kuma abin da zai ajiye a gida kada ya wuce giram 50 na busasshe. Jamus ba ita ce ta farko ba: Yurugwai ta yi tata dokar a 2013 ta yarda da tushe shida, Kanada kuma ta bi baya a watan Oktoban 2018 da tushe huɗu a kowane gida a yawancin lardunanta. A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Noman wiwi babban laifi ne tun dokar 1966, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana farautar masu yinsa, kuma hukuncinsa ɗauri ne mai tsawo. Abin da ya sa labarin dattijon ya cancanci a ji shi a nan shi ne darasin da ya koya game da ruwa, wanda ya shafi duk wata shuka da ke rayuwa cikin tukunya ko kwamin rafi.

Dattijon yana fama da ciwon baya, gadon shekarun da ya yi a kujerar direba. Mutum ne mai kiyaye doka, kuma ƙafarsa ba ta taɓa kai shi wurin masu sayarwa a ɓoye ba. Da dokar ta zo, sai ya sayi iri ya shuka uku a barandar nan, a cikin tukwanen matarsa. Makonni huɗu na farko komai ya tafi daidai. A mako na biyar ya lura sababbin ganyayen da ke can ƙololuwa sun fara fita da launin ruwan ɗorawa, amma jijiyoyinsu suna nan kore shar, tamkar an zana raga a kan takarda. Tsofaffin ganyayen ƙasa kuwa ba abin da ya same su.

Ya yi abin da mafi yawan mutane za su yi. Ya ce yunwa ce, ya sayo takin ruwa ya zuba. Bayan kwana huɗu bai ga sauyi ba, ya ninka awon. Rawayar ta ƙara yaɗuwa, sannan sabuwar matsala ta ɓullo: bakin ganyayen ya soma ƙonewa yana lanƙwashewa, ya koma launin ƙasa-ƙasa. Sai ya ce ƙishirwa ce, ya koma ba su ruwa safe da yamma. Kafin mako ya zagayo, ɗaya daga cikin ukun ta sunkuyar da ganyayenta duka, ga kuma ƙasar tukunyar jiƙe sharkaf.

Abin da ke cikin buta

Maƙwabciyarsa ta hawa na uku tsohuwar ma'aikaciya ce a wata gonar renon dashe. Sun yi shekara ashirin suna gaisawa a matakala, amma har yanzu da lafazin girmamawa suke kiran juna, kamar yadda tsofaffin Jamusawa suka saba. Ta hau ta dubi shukokin na ɗan lokaci, ba ta taɓa su ba. Daga nan ta ce, "Maƙwabci, ku nuna mini butar da kuke dafa ruwan shayi." Ya ɗauko mata cikin mamaki. Ta buɗe murfin ta nuna masa farin ɓawon da ya lulluɓe gindinta. "Abin da kuke gani a nan, shi kuke zuba wa ƙasar nan kowace safiya."

Farin ɓawon nan farar ƙasa ce, dangin alli. Ruwan famfon Berlin daga ƙarƙashin ƙasa ake ɗebo shi, kuma a kan hanyarsa yana narkar da sinadaran kalsiyam da maganiziyam daga ƙasar da yake ratsawa. Jamusawa suna da ma'aunin da suke auna wannan nauyi da shi: ƙasa da maki 8.4 ruwa ne mai laushi, sama da maki 14 kuma mai tauri. Ruwan Berlin yana cikin rukunin mai tauri. Ruwa ne mai tsabta, lafiyayye ga mai sha. Matsalarsa ga shukar tukunya ita ce wani sinadari da ke tafe da kalsiyam ɗin, wanda ake kira baikabonet, aikinsa kuwa kashe tsami.

Duk wanda ya taɓa girki a ƙasar Hausa ya san wannan aiki. Idan miyar yakuwa ta yi tsami, ɗan ƙanƙanin kanwa ake jefawa, kanwa ta kar tsami. Wanda ya taɓa ganin kanwa ta faɗa cikin jiƙon zoɓo ya ga yadda jan nan ke dushewa ya koma duhu, idan aka matsa lemun tsami kuma ya dawo ja wur. Wannan kai da komo tsakanin tsami da kanwa shi masana ke aunawa da ma'aunin pH, wanda wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Danmak, Søren Sørensen, ya fito da shi a 1909. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa. Tazarar da ke tsakanin lambobin ba ƙarama ba ce, domin kowane mataki ɗaya ninki goma ne: ruwa mai lamba 6 ya fi mai lamba 7 tsami sau goma, ya fi mai lamba 8 sau ɗari.

Wiwi, kamar tumatir da tattasai, ta fi jin daɗin ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin 6 da 7. Masu reno ba tare da ƙasa ba, cikin ruwa zalla ko zaren ɓawon kwakwa, sukan riƙe lambar tsakanin 5.5 da 6.5. A gona, faɗin ƙasa da ruwan sama suna wanke abin da ya taru. Tukunya kuwa ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa ɗaya. Ruwan da aka zuba yakan ƙafe ko shuka ta shanye shi, amma baikabonet ɗin yana zama. Kowace buta tana ƙara kaɗan a kan na jiya, har ƙasar ta tsallaka ɓangaren kanwa ba tare da mai ita ya sani ba. Shi ya sa ma'aikatan gonakin dashe suka fi damuwa da yawan baikabonet fiye da lambar pH ta ruwan kansa. Ruwa biyu suna iya nuna lamba ɗaya, ɗaya ya bar ƙasa yadda ya same ta, ɗaya kuma ya sauya ta cikin wata guda.

Maƙwabciyar ta sa shi ya tari ruwan da ke ɗiga daga gindin tukunya, ta tsoma 'yar takardar gwaji a ciki. Launin ya tsaya dab da lamba 8.

Abinci a rumbu, ƙofa a kulle

Abin da lamba 8 ke yi wa shuka ya fi fitowa fili a batun sinadarin ƙarfe. Shuka tana buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa kafin ta iya ƙera kulorofil, koren sinadarin da ganye ke kama hasken rana da shi. Tun a shekarun 1840 wani masani ɗan Faransa, Eusèbe Gris, ya nuna cewa idan aka shafa ruwan gishirin ƙarfe a kan ganyen da ya yi rawaya, wurin da aka shafa yakan koma kore. Ƙarfe ba ya ƙaranci a ƙasa, yana cikin abubuwan da suka fi yawa a doron duniya. Sai dai saiwa ba ta iya ɗaukarsa sai ya narke cikin ruwa, kuma narkewarsa ta dogara ga tsami. Duk lokacin da lambar pH ta hau mataki ɗaya, narkewar nau'in ƙarfen da ya fi yawa a ƙasa tana raguwa kusan sau dubu. Ya koma wani abu mai kama da tsatsa, yana nan kwance kusa da saiwa amma ba ta da hanyar cinsa.

Ke nan shukokin dattijon suna da abinci a rumbu, mabuɗi ne ya ɓace. Takin da ya yi ta zubawa bai kawo mabuɗin ba. Ya ma ƙara dagula lamarin ta hanya biyu. Sinadarin fosfaras da ke cikin taki, idan ya yi yawa, yana haɗuwa da ƙarfe ya ƙara ɗaure shi. Sannan takin zamani gishiri ne a asalinsa. Saiwa tana jan ruwa ne saboda cikinta ya fi wajenta gishiri, ruwa kuwa yana bin inda gishiri ya fi yawa. Idan gishirin ƙasa ya kusa kamo na cikin saiwa, jan ya yi rauni, shuka ta shiga ƙishirwa alhali tana tsaye cikin danshi. Wurin da ya fi nisa daga saiwa shi ke fara bushewa, wato bakin ganye. Ƙonewar da ya gani ke nan.

Ruwan da ya ƙara don maganin ƙonewar shi ya kashe ta ukun. Saiwa tana numfashi, tana samun iskar oksijin daga ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike ramukan, iskar tana tafiya a cikinsa a hankali, kusan sau dubu goma ƙasa da yadda take tafiya a sarari. Saiwar da ta shaƙe ba ta iya ɗaukar komai, kuma ƙwayoyin cutar ruɓewa suna samun ƙofa. Da suka zazzage tukunyar, maimakon farar saiwa mai ƙarfi, sai suka tarar da wata baƙa-baƙa mai santsi da wari.

Masana noma biyu na Jamus, Carl Sprengel da Justus von Liebig, sun kafa wata ƙa'ida a ƙarni na 19 wadda har gobe ake koyar da ita. Ƙa'idar ta ce girman shuka yana tsayawa ne a kan abin da ya fi ƙaranci a cikin buƙatunta, komai yawan sauran. Akan kwatanta ta da gangar katako wadda allunanta ba su kai juna tsawo ba: ruwa ba zai wuce gajeren allon ba, ko an wuni ana zubawa. Abin da tukunyar dattijon ta ƙara a kan wannan ƙa'ida shi ne, ƙarancin da ake magana a kai na abin da saiwa ta iya ɗauka ne, ko da ƙasar cike take da shi.

Karatun ganye

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ganye shi ne fuskar shuka, kuma tambayar farko da maƙwabciyar ta koya masa ita ce: daga ina rawayar ta fara, sama ko ƙasa?

Wasu sinadarai shuka tana iya kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan sun yi ƙaranci. Naitirojin, fosfaras, fotasiyam da maganiziyam suna cikin wannan rukuni, don haka alamar rashinsu a ganyayen ƙasa take fara bayyana. Idan tsohon ganye ya yi rawaya gaba ɗayansa, har da jijiyoyi, naitirojin ake tuhuma. Idan jijiyoyinsa sun zauna kore tsakaninsu ya yi rawaya, maganiziyam ne, wanda masanin Jamus Richard Willstätter ya tabbatar yana cikin ginin kulorofil, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1915. Idan gefen tsohon ganye ne ya ƙone ya zagaye, a duba fotasiyam. Wasu sinadaran kuwa inda suka sauka nan suke zama. Ƙarfe da kalsiyam ba sa komawa baya, don haka sabon ganye ne ke ɗanɗana rashinsu: ƙarfe da rawaya tsakanin korayen jijiyoyi, kalsiyam da tabo-tabo da murɗewar toho.

Akwai kuma sauyin launi da ba cuta ba ne. Wiwi shukar shekara ɗaya ce, idan ta kusa ƙarshen rayuwarta takan janye abinci daga manyan ganyaye su yi rawaya su zube, kamar yadda ganyen gero ke bushewa idan zangarniya ta nuna. Sanyin dare yana sa wasu nau'o'i su yi shunayya, kuma sinadarin da ke kawo wannan launi ɗan uwan wanda ke ba zoɓo jansa ne. Mai gaggawa yakan ga waɗannan ya ruga neman magani, ya jawo cuta inda babu ita.

Kowane ruwa da halinsa

Taurin ruwa shi ne matsalar Berlin, amma wasu wurare nasu daban ne. A birane da yawa na Amurka da Kanada ana zuba wa ruwan famfo kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Kulorin yana fita da kansa idan aka bar ruwa ya kwana a buɗe, amma ɗan uwansa kuloramin, da wasu biranen suka koma amfani da shi, ba ya fita ta wannan hanya. Akwai gidajen da ke da na'urar tausasa ruwa, wadda ke cire kalsiyam ta maye gurbinsa da sodiyam, sinadarin gishirin miya. Wannan ruwa yana da kyau ga injin wanki amma yana lalata ƙasar tukunya. A ɗaya gefen kuma akwai ruwan da aka tace har ba abin da ya rage a cikinsa. Shi ba ya kawo baikabonet, amma ba ya kawo kalsiyam da maganiziyam, kuma ƙasar da ake ba shi kaɗai tana iya zamewa ɓangaren tsami, inda wasu matsalolin ke jira.

Abu mafi nauyi shi ne wanda ganye ba ya nunawa. Wiwi tana cikin shukokin da ke zuƙar ƙarafa masu guba kamar dalma da kadmiyam su adana a jikinsu, har an gwada noman nau'inta na zare a gurɓatattun filaye, ciki har da kewayen Chernobyl, domin ya tsotse gubar ƙasa. A tsofaffin gidajen Jamus akwai waɗanda aka yi wa aikin famfo da bututun dalma, kuma tun Disambar 2013 doka ta ƙayyade cewa dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a kowace litar ruwan sha. Shuka tana iya zama kore shar alhali tana tara guba, wanda zai yi amfani da ita kuma shi zai karɓi abin da ta tara. Dattijon ya nemi a tabbatar masa da irin bututun da ke gininsu kafin ya ci gaba, aka shaida masa an daɗe da sauya su.

Jarkoki biyu

Maganin da maƙwabciyar ta ba shi bai ƙunshi sayen komai ba. Ya dakatar da taki. Ya wanke ƙasar tukwane biyun da suka rage da ruwa mai laushi, har ya fita ta gindi da gishirin da ya taru. Daga nan kada ya sake ba su ruwa sai ya tsoma yatsa ya ji saman ƙasar ya bushe, tukunyar kuma ta yi sauƙi a hannu. Ruwan da zai riƙa ba su ya zama rabi na famfo, rabi na sama, domin haɗin yana rage baikabonet da kusan rabi, yana kuma barin isasshen kalsiyam. Ta gargaɗe shi kada ya zuba ido a kan ganyayen da suka ƙone, domin nama da ya mutu ba ya dawowa. Sabon toho shi zai ba da labari.

Da ya tambayi inda zai samu ruwan sama a hawa na huɗu, sai ta dube shi da mamaki. Ta tuna masa ɗan lambun haya da suke da shi a bayan gari, irin wanda dubban mazauna Berlin ke riƙewa, da gangar da ke ƙarƙashin indararon bukkarsa. Shekara da shekaru tana ganin matarsa tana hawa matakala da jarkoki biyu duk ranar Asabar. Shi ma ya sha ganinta, ya sha yi mata tsiya cewa ga famfo a gida tana wahalar da kanta. Bai taɓa tambayarta dalili ba. Jarkokin suna nan a ɗakin ajiya na ƙasa, inda ya tura su bayan rasuwarta.

A rana ta goma sha biyu sabon toho ya fito kore tun daga tushensa har baki. Shukoki biyun ba su yi girman da ya kamata ba, makonnin da suka yi a ɗaure sun tafi ke nan, amma sun rayu.

Wanda ke Sakkwato, inda farar ƙasa ke kwance a ƙarƙashin gari har masana'antar siminti ta Kalambaina ke haƙarta, yana iya ganin wannan raga ta korayen jijiyoyi a kan ganyen lemu ko gwaiba a tsakar gidansa. Mai lambun rani da ke ban ruwa da rijiyar burtsatse mai zartsi ya san farin ɓawon da ke fitowa a bakin kwami, kuma sau da yawa amsarsa ita ce ƙarin buhun taki, a lokacin da buhu ya yi tsadar da ya yi. Takardar gwajin pH ba ta kai kuɗin mudun taki ba. Kafin a ƙara wa shuka abinci, a fara duba ganyen da ya fara sauyawa, a auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita.

A barandar Neukölln, a cikin furannin matar dattijon akwai guda ɗaya da ba ta ƙarasa mutuwa ba, wata aziliya mai son ƙasa mai tsami, wadda ta yi shekara biyu da ganye rawaya ba ta fure. Yanzu ita ke fara shan ruwan jarka duk ranar Asabar, kafin ya juya ga sauran.